Daba a Birnin Kano: Tushenta a Zamantakewa da Tattalin Arziki

Gabatarwa

Sau da yawa akan jingina matsalar daba ga lalacewar tarbiyya kaɗai. Wannan maƙala na ganin bayanin ya yi kaɗan, domin daba ta daɗe da zama hanyar samu ga matashin da sauran ƙofofi suka rufe masa.

Asali da Bunƙasa

Masana kan danganta asalin daba da ƙungiyoyin 'yan farauta da 'yan tauri, waɗanda jarumtarsu abin tinƙaho ce ga unguwanninsu. Siyasar shekarun 1950 ce ta sauya musu alƙibla, lokacin da hamayyar NEPU da NPC ta haifar da 'yan banga. Tun daga nan ƙarfin damtse ya zama hajar sayarwa, kuma har yau kasuwarsa kan ci a duk kakar zaɓe.

Sai dai abin da ya yawaita masu sayar da wannan haja shi ne durƙushewar masana'antu. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, tsadar kayan aiki da ƙarancin lantarki, daga baya kuma kwararowar yadudduka masu araha daga Sin, sun rufe masaƙu da dama a Bompai da Sharaɗa da Calawa. Asarar ba ta tsaya kan albashi ba. Magidancin da ya rasa aiki ya rasa ikon ɗaukar nauyin karatun ɗansa, sannu a hankali kuma ya rasa ikon tsawata masa. Wannan gurbi shugaban daba ya cike: shi ke ciyarwa, shi ke kai ɗauki ranar faɗa, shi ke neman beli. Hatta ƙwacen waya da ya addabi birnin yana tafiya ne saboda akwai dillalan da ke jiran kayan sata.

Hanyoyin Rigakafi

Hana sarrafa maganin tari mai kodin a 2018 mataki ne mai kyau, amma masu shaye-shaye sun koma ga wasu ƙwayoyin. Haka nan karɓar tuban 'yan daba da rundunar 'yan sandan Kano ta yi a 2023 ba zai ɗore ba matuƙar tubabben ya koma unguwa hannu rabbana. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa shi da ubangidan sana'a a ƙarƙashin sa idon mai unguwa, a ba shi jari bayan ya ƙware. Hukunci kuma ya hau kan ɗan siyasar da ke ɗaukar nauyinsa da dillalin da ke sayen wayar sata, waɗanda ba kasafai ake ganinsu a gaban alƙali ba.