Yadda Ake Gane Gawar Soja Bayan Shekaru

Malam Sani daga Zinder na tambaya: yaya ake gane gawar sojan da ya mutu tun Yakin Duniya na Biyu?

To Malam Sani, ga misali. A 1943 jiragen yakin Amurka suka tashi daga Libiya, suka kai hari kan matatun mai na Romaniya. An harbo jirgin wani soja mai suna Addison Baker, ya mutu, aka binne shi ba suna. Sai a 2022 aka gane shi. Yadda ake yi kuwa, ana tono kasusuwa, a duba hakora, a gwada kwayoyin halitta da na dangi. Kwayoyin halitta, su ne babbar shaida. Daga nan a mika wa iyali gawar, a yi jana'izar girmamawa, a kuma sa 'yar alama gefen sunan sojan a bangon da aka rubuta sunayen wadanda suka bace.