Rodaj a Tsaye Kashe Sabon Inji Yake Yi

Akwai wata magana da ta zauna daram a garejojin babura na Garwa, daga Yelwa zuwa Roumdé Adjia, har ta bi hanya ta kai Pitoa, Figuil da Guider, cewa wai sabon mashin da aka fitar daga kwali sai an kafe shi a kan ƙafa biyu, a tayar, a bar shi yana gurnani awa uku ko biyar, wasu ma su ce wuni guda, kafin a hau shi. Shi ne wai rodaj. Wasu kuma sukan ƙara da tsiyaya murfi ɗaya ko biyu na baƙin mai a tankin fetur, don inji ya yi laushi. Duka biyun ɓarna ce, kuma ɓarnar da ba ta nuna kanta nan take. Sai bayan wata biyar ko shida, lokacin da salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, mashin ya koma shan baƙin mai, sannan a ɗora laifin a kan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba, ko a ce ai kayan Sin ba su da ƙarko. Alhali tun ranar farko aka yi wa injin illa, kuma mai shi ne ya biya kuɗin fetur ɗin da aka yi ta da shi.

Ba sai na tsaya bayanin yadda inji mai bugu huɗu ke aiki ba. Ya isa a sani shi ne wanda baƙin mansa ke da mazauni daban a ƙasan inji, ba a haɗa masa shi da fetur. Abin da ake nema a kwanakinsa na farko guda ɗaya ne: ringin fistin ya zauna daidai a jikin silinda. A masana'anta da gangan ake barin cikin silinda da siraran zane masu gicciye da juna, waɗanda da ƙyar ido ke gani. Su ne ke riƙe ɗigon mai, su ne kuma ke goge bakin ringi har ya dace da bango ba tare da kafa ba. To amma taurin ringin shi kaɗai bai isa ya manna shi da bangon ba. Abin da ke danna shi shi ne ƙarfin fashewar fetur da ke shiga ta bayansa, kuma wannan ƙarfi ba ya cika sai inji yana jan nauyi. Mashin ɗin da aka kafe yana silo ba ya jan komai. Ringi sai ya yi ta shafar bango sama-sama, man da ya ƙone ya cike zanen ya daskare, cikin silinda ya yi sulɓi yana sheƙi. Daga nan ringi ba zai ƙara zama ba, ko da an yi kilomita dubu goma, sai an kwance inji an sake kankare silindar.

Wannan ke nan ko da a garin sanyi aka yi. A Garwa kuwa akwai na biyu, wanda ya fi na farkon saurin kisa, wato zafi. Baburan da 'yan acaba ke hawa, TVS ne, Bajaj Boxer ne, Haojue ne ko Sanili, ba su da lagireto, ba su da fanka. Waɗannan haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin silinda da kan inji su ne kaɗai abin sanyaya su, kuma ba sa aiki sai iska tana ratsa su, iskar kuwa tafiya ce ke kawo ta. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40 a inuwa. A ɗauki sabon inji, wanda dama ƙarafansa a matse suke suna gogar juna fiye da na tsoho, a tsayar da shi a bakin shago ba iska, a bar shi awa uku. Baƙin mai zai tsinke ya zama kamar ruwa. Famfon mai kuma da juyin inji yake tafiya, don haka a silo kaɗan yake turawa zuwa kan inji inda bawul da sandar da ke danna su suke. Mai ya tsinke, ya kuma yi kaɗan, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ina nanata wannan ne domin har yau akwai makanikan da ke karɓar kuɗin wannan aiki, suna ajiye yaro ya zauna gadin mashin yana ƙara masa fetur. Sabon babur bai kamata ya yi fiye da minti biyu zuwa uku a tsaye yana aiki ba. Ya ɗumama, a hau, a tafi. In an tsaya hira ko jiran fasinja, a kashe shi.

Batun zuba baƙin mai a fetur gado ne daga wani irin inji daban. Tsofaffin babura irin su Suzuki AX100, da ƙaramin janareta Tiger da ya cika kasuwanni, masu bugu biyu ne. Ba su da mazaunin mai a ƙasa, don haka dole man ya bi fetur ya shiga ya ƙone tare da shi. Hannun da ya saba da wancan shi ne ya kawo al'adar kan injin da bai bukace ta ba. A mai bugu huɗu man da aka zuba a tanki ba ya kaiwa ga yawancin wuraren da ke neman mai. Ɗakin ƙonewa yake faɗawa, ya bar baƙin gawayi a kan fistin, a bakin bawul da kan buji, ya kuma maƙale a ramin ringi har ringin ya daina motsi. Wato abin da ake gudu shi aka sayo.

Akwai masu kawo hujja da ƙananan injinan jiragen sama na wasa, waɗanda ake tuƙawa da na'ura daga ƙasa, don sun gani a waya ana ɗaure su a kan teburi ana yi musu rodaj, kuma man a cikin makamashinsu yake. Gaskiya ne, kuma masu bugu huɗu ne da yawansu, kamfanin O.S. na Japan ya fitar da irinsu mai suna FS-60 tun 1976. Amma a duba da kyau. Injin nan ba shi da mazaunin mai sam, shi ya sa ake haɗa masa mai, wani lokaci har da man zurma, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake sha, kuma ba fetur yake sha ba, sinadarin metanol ne. Sannan ko a kan teburi da farfelarsa ake tayar da shi. Farfelar nauyi ce da yake ja, ita ce kuma ke hura masa iska. Masu shi suna buɗe masa makamashi ya wadata, su bar shi 'yan mintuna suna ɗaga wuta suna saukewa, su kashe ya huce, su sake. Nauyi, iska, wadataccen makamashi da hutu: duk abin da mashin ɗin da aka kafe a bakin gareji ya rasa. Hujjar tasu ma a kansu ta faɗa.

Abin yi ba shi da wuya. Kilomita 500 zuwa 1,000 na farko, gwargwadon abin da littafin mashin ya faɗa, a hau shi a hanya mai sarari, mutum ɗaya ko da fasinja ɗaya, ana canja giya, ana ɗaga totur ana saki, ba tare da an murɗe shi har ƙarshe ba, ba kuma tare da an daɗe a gudu iri ɗaya ba. Zuwa Pitoa da dawowa da sassafe ya fi wuni guda a cunkoson babbar kasuwa. Abin da ya fi gudu illa shi ne jan nauyi a babbar giya inji yana kakari: buhu biyu na albasa da mutum biyu a baya, a giya ta huɗu, a kan tudu. Bayan kamar rabin awa ana tafiya a tsaya ya huce.

Sai juyen baƙin mai na farko, wanda shi ne aka fi wasa da shi. Duk gugar da ringi da giyoyi suka yi a makon farko, garin ƙarfenta a cikin mai yake, kuma yawancin waɗannan babura ba su da matatar mai ta takarda, 'yar raga ce kawai da wani kwano mai juyawa da ke tara datti. A zubar da man nan da ɗuminsa a kilomita 500, a wanke ragar. Abin da zai ci bai wuce lita ɗaya ba. A sayi mai a rufaffen galan, 20W-50 ya dace da zafinmu in littafi bai ce wani ba, kuma a nemi alamar JASO MA a jiki, domin kulocin babur cikin wannan man yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna sa shi sulɓi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba wanda ya san daga wace durom ya fito, bai cancanci ko tsohon inji ba balle sabo.

A wannan zama na farko ne kuma ake duba tazarar bawul, inji a sanyaye. Sabbin bawul suna nitsewa kaɗan a mazauninsu, tazarar ta canja. A irin waɗannan babura ba ta cika wuce milimita 0.05 zuwa 0.10 ba, abin da ba a auna shi da ido ko da kunne, sai da siririn ƙarfen awo. Makanikai da dama suna matse ta don injin ya yi shiru mai mashin ya ji daɗi. Bawul ɗin hayaƙi da aka matse ba ya rufewa sosai in ya yi zafi, ba ya samun sauke zafinsa a mazauni, sai bakinsa ya ƙone. 'Yar ƙarar tik-tik ta fi wannan shirun araha nesa ba kusa ba.

Tun da Najeriya ta janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kwalbar zuwa-zuwa ta yi tsada a arewacin Kamaru, sai wata ɗabi'ar ta ƙaru: a matse kafireto don mashin ya rage sha. Ana iya fahimtar mai neman na abinci, amma fetur ba wuta kaɗai yake bayarwa ba, yana sanyaya ɗakin ƙonewa. Injin da aka rage wa fetur fiye da kima zafi yake ƙarawa, a sabon inji kuwa wannan ƙarin kan ƙari ne. Buji ba ya ƙarya. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa, daidai ne. In ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan. Baƙi busasshe, ya yi yawa. Baƙi mai danshi, baƙin mai ne ke hawowa. A bar kafireto yadda masana'anta ta saita shi har a gama rodaj.

Zuwa-zuwa yana da nasa laifin, ba na wanke shi. Jarka da kwalba suna tara ruwa da ƙasa, wani lokaci a gauraya shi da kananzir. Amma wannan toshe kafireto yake yi, ya sa inji tari, kuma tsumma mai tsabta a bakin mazurari da 'yar matatar fetur a tiyo suna rage rabin matsalar. Abin da ke cin silinda da gaske ƙurar hunturu ce da ke shiga ta matatar iska da ta yage, ko wadda aka cire gaba ɗaya wai don mashin ya yi numfashi. Soson a wanke shi, ya bushe, a shafa masa ɗan mai a matse. Ta takarda kuwa a kaɗe ta ko a canja, ba a wanke ta.

Masu injin ban-ruwa a fadamun Binuwai da gonakin da ke ƙasan madatsar Lagdo, da masu janareta mai bugu huɗu, hukuncinsu ɗaya da ɗan bambanci. Injinsu, Honda GX160 ko kwafinsa na Sin, yana da fanka a jiki, don haka tsayuwa ba ta gasa shi. Amma rashin nauyi yana sulɓe masa silinda kamar na babur, kuma famfon da aka tayar ba ruwa a cikinsa yana ƙone abin da ke tare yoyo a bakin sanda cikin 'yan mintuna. A cika shi da ruwa, a ba shi aiki matsakaici. Littafin Honda ya ce juye na farko bayan awa 20 ko wata ɗaya, daga nan duk awa 100, kuma abin da yake ci bai wuce lita 0.6 ba. A ƙura da zafinmu gara a rage tsakanin. A kuma ajiye shi a wuri mai baje, domin ba shi da famfon mai, wani ɗan cokali ne a jikin sandar fistin ke watsa shi, in injin ya karkata cokalin bai taɓa man ba.

Saura hujja ɗaya, kuma ita ce mai nauyi. Ɗan acaban da aka ba mashin yana kawo balas kullum zai ce ba shi da mako guda na lallaɓawa, shi ya sa yake son a gama rodaj a wuni ɗaya a bakin gareji. Matsalarsa gaskiya ce, amma maganinta a hannun mai mashin yake. Wanda ya iya fitar da kuɗin sabon babur zai iya yafe rabin balas na kwana bakwai, ya kuma biya juye na farko daga aljihunsa, domin kuɗin fistin, ringi da kankare silinda shi za su dawo wa. Dillalan da ke haɗa babura daga kwali su ma su daina jefar da littafin ko barin sa a leda. A miƙa wa mai saye, a nuna masa shafin rodaj, in ba ya karanta Faransanci ko Turanci a karanta masa. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba na Garwa kuwa, da suke tara mutanensu kan batun riga da takardu, su ware minti goma a taro na gaba su faɗa musu kada wanda ya ƙara biyan kuɗi a kafe masa sabon mashin.