Darasin Juma'a: Me Za Mu Sa a Jakar Saudiyya?

Darasin wannan makon na maniyyata ne da masu shirin Umra.

Mu mazauna Kudu mun saba da zafi mai gumi. Na Makka busasshe ne, yana shanye ruwan jiki mutum bai ankara ba. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50, alhazai sama da 1,300 suka rasu. Allah ya jiƙan su.

Don haka mu tanadi farar lema, gorar ruwa, garin gishiri da sukari na ORS, harami biyu na auduga, da sabulu marar ƙamshi saboda ihrami. Silifa ma biyu, da 'yar jakar zuba su, don daɓen waje yana ƙona ƙafa.

Iyayenmu masu hawan jini ko ciwon sukari, maganinku ya zauna a jakar hannu tare da takardar likita.

Goro kuwa, a bar shi a gida, Saudiyya ta hana. Kuma don Allah kada mu karɓi saƙon kowa ba mu buɗe ba, ko na ɗan'uwa ne.

Allah ya kai mu lafiya, ya karɓi ibada.