Laulayin Cikin Fari: Wanda Ake Jurewa Da Wanda Ba A Jurewa

Ƙanwata, idan kin yi ɓatan wata, ƙirji ya yi miki nauyi, ga kasala, ga yawan fitsari, ga barci tun da hantsi, ki sayi tsinken gwaji a kemis. Fitsarin farko na asuba ya fi nunawa.

Tashin zuciya yakan fara wajen sati na 6, kuma ga yawancin mata yana lafawa kafin ciki ya cika wata huɗu. Ƙamshin suyar albasa, ko turaren maigida da kike yabawa jiya, yau shi zai sa ki amai. Sinadaran jikinki ne suka sauya, ba sammu ba ne, ba kuma iska ba. Yunwa ce ke ƙara tunzura shi, don haka kada ki bar cikinki wayam. Ki ajiye biskit ko busasshen burodi a gefen gado, ki ci kafin ki sauko. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ki rage maiƙo da yaji, ki kurɓi ruwa a kai a kai. Shayin citta yana taimaka wa mata da yawa. In ƙwannafi na damunki, kada ki kwanta da zarar kin cire hannu daga kwano.

Kwaɗayin tsamiya ko ɗanyen mangwaro ba laifi. Amma in ranki na biya miki farar ƙasa, ki faɗa a wurin awo, domin yana iya zama alamar ƙarancin jini.

Abin da ya fi damuna shi ne kunyar cikin fari. Yarinya ta yi ta ɓoyewa har wata shida, alhali a makonnin farko ne ƙwaƙwalwa da lakar jariri ke haɗuwa, lokacin da ƙwayar folik asid ta fi amfani. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a je awo sau 8, na farko cikin sati 12. Kunyar surukai ba ta hana ki raɗa wa maigida ko yayarki. Ki kwana cikin gidan sauro, ki bar jiƙe-jiƙe da duk maganin da likita bai rubuta ba.

Zubar jini, zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, ko aman da ko ruwa ba ya zama: waɗannan ba laulayi ba ne. Ko tsakar dare ne, ki tashi maigida ku tafi asibiti.