Zinariyar da ke Cikin Gwajin Zazzaɓin Cizon Sauro

Jama'ar Agege, musamman mazauna Zango, sun saba ganin ɗan allon roban nan da malamin asibiti ke ɗiga wa jini don binciken zazzaɓin cizon sauro. Amma kaɗan ne suka san cewa jan layin da ke fitowa a kansa zinariya ce.

Ita ce dai zinariyar 'yan kunne, sai dai an mayar da ita ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ake aunawa da nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. In ta ƙanƙance haka, sai ta bar rawaya ta koma ja. Michael Faraday ya bayyana wannan a Landan tun 1857.

Ga yadda ake yi. A narkar da zinariya cikin asid, a tsarma da ruwa, a tafasa, sa'an nan a zuba gishirin sitirat, dangin tsamin lemo. John Turkevich da abokan aikinsa ne suka wallafa wannan hanya a 1951. A 1973 kuma masani Frens ya nuna cewa yawan gishirin shi ne linzamin aikin: in an yawaita shi, ƙwayoyin su fito ƙanana, in an rage, su yi girma. Gishirin kuwa yana lulluɓe kowace ƙwaya, ya hana ta manne wa 'yar'uwarta, domin in sun dunƙule sai launin ya juye shuɗi, aiki ya ɓaci. Masu yin gwajin sun fi son ƙwayoyi kewayayyu, masu faɗin kamar nanomita 40. Waɗanda suka gaza haka sosai layinsu dishi-dishi ne, manya kuwa ba sa tafiya da kyau cikin takardar. Ana iya yin masu siffar sanda da wani sinadari mai kama da sabulu, launinsu daban ne.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi gwaji kafin a sha magani. Don haka ake jawo hankalin masu kemis: zafi da laima suna lalata sinadaran da aka liƙa wa ƙwayoyin. A ajiye kwalin a inuwa, kada a buɗe leda sai za a yi aiki, a duba ranar ƙarewar wa'adi, a karanta sakamako cikin mintocin da aka rubuta. In layin da ke wajen harafin C bai fito ba, gwajin bai yi ba, sai a sake da sabo.