Walda da Waya Marar Gas: Tana Riƙo Kuwa?

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya leƙa ɗakin koyon aikin ƙarfe a zangon nan ya ji gardamar da ake yi kan ƙaramin injin waldan nan mai cin waya maimakon sanda. Wasu na cewa waldarsa kwalliya ce kawai, ba ta ɗaukar nauyi. Wasu kuma na cewa ai ta fi ta sanda. Maganar ba ta wasa ba ce, domin da walda ake haɗa ƙofar gida da gado da ƙafar tankin ruwa. Tanki mai lita 1,000 idan ya cika, ruwan cikinsa kaɗai tan guda ne, kuma sau da yawa a inuwarsa yara ke wasa.

Narkakken ƙarfe ba ya shiri da iska. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. In suka shiga ƙarfe yana narke, sai su bar ƙananan ramuka kamar na cikin burodi, waldar ta yi gautsi. Saboda haka kowace irin walda tana da dabarar kare kanta. Sandar walda tana da garin da aka shafa mata a waje. Injin MIG yana huro gas daga tukunya ya lulluɓe wurin. Ita kuwa wayar da muke magana a kai rami gare ta kamar tsinken shan lemo, an cusa garin a ciki. Idan ya ƙone, yakan ba da hayaƙin kariya da kashin ƙarfe mai rufe saman waldar. A cikin garin kuma akwai alminiyom da magniziyom, masu kama naitirojin da oksijin ɗin da suka kutsa kafin su yi ɓarna. Kamfanin Lincoln Electric na Amurka ne ya fito da irin wannan waya kasuwa a 1959, da sunan Innershield.

Amfaninta a fili yake. Babu sayen tukunyar gas, babu ɗaukarta. Iska mai ɗan ƙarfi tana kwashe gas ɗin MIG, amma wannan waya tana jurewa, abin da zai yi wa mai walda a bakin titi daɗi a lokacin hunturu.

To, ƙarfin fa? Amsar na rubuce a jikin kwalin. Ɗauki misalin E71T-11. Harafin T na nufin waya mai rami. Lamba 1 ta farko na nufin ana iya walda da ita a kwance, a tsaye, har da sama da kai. Lamba 7 kuwa ita ce ƙarfin: kafin waldar ta tsinke da ja, sai an ɗora wa kowace murabba'in milimita nauyin kusan kilo 49. Wannan daidai yake da ƙarfin sandar E7018, ya kuma ɗara na E6013 da aka fi gani a hannun masu waldanmu. Ƙarfen da ake yin ƙofa da taga ma yakan tsinke a wajen kilo 41. Ke nan waldar da aka yi daidai da wannan waya ba ta gaza ƙarfen da ta haɗa ba. Masu cewa kwalliya ce kawai ba su da gaskiya.

Amma ƙarfin ja daban, jure bugu daban, kuma a nan ne darasin yake. Ku tuna da zarton goge ƙarfe: ya fi ƙusa tauri nesa, amma ka buga shi da ƙasa sai ya karye, ƙusa kuwa lanƙwasawa take yi. Injiniyoyin Amurka sun koyi wannan a gine-ginensu. Ranar 17 ga Janairu, 1994, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.7 ta afka wa yankin Northridge na birnin Los Anjalis. Gine-ginen ƙarfe ba su rushe ba, aka ɗauka sun tsira. Da aka fara ɓare rufin ginshiƙai, sai aka ga waldar da ta haɗa su da ƙarafan da ke kwance ta tsage a gine-gine da yawa. Mafi yawan waldar an yi ta ne da waya marar gas samfurin E70T-4, wadda ke da saurin aiki da ƙarfin ja, amma ba a buƙaci ta ci gwajin jure bugu ba. Ba wayar kaɗai ce da laifi ba. Tsarin mahaɗar kansa yana tara nauyi a wuri guda, an bar guntun ƙarfen da ake tarawa a bayan walda a manne, ga kuma sakacin wasu ma'aikata. Bayan bincike aka canza dokokin gini. Abin lura shi ne ba a haramta waya marar gas ba. An dai koma ga samfurori irin su E71T-8, wanda sai ya ci gwajin bugu a sanyin digiri 29 ƙasa da sifili.

Mu ba mu gina dogayen benaye a aji, amma darasin ya shafe mu. Wayar da aka fi sayarwa tare da ƙananan injina ita ce E71T-11 ko E71T-GS, kuma duka biyun ba a gindaya musu gwajin bugu ba. Ta GS ma don zubi ɗaya aka yi ta. In ka yi ta maimaita zubi a kan zubi, sinadaran cikin garin sukan taru waldar ta yi gautsi. A ganina, waɗannan sun isa aikin ƙofa, taga, benci da kanta. Abin da zai sha jijjiga ko bugu, kamar mahaɗar tirela ko ƙarfen ɗaga kaya, a bar shi ga ƙwararre da wayar da ta dace.

Sauran matsalar daga hannu take. Ta farko, kuma wadda ta fi kama sabon shiga, ita ce haɗin wuta. Waɗannan wayoyi suna son bindigar waldar a kan alamar ɗebewa, maƙalar da ake kama ƙarfe da ita a kan alamar tarawa, akasin MIG mai gas. Ni kaina na taɓa ɓata rabin yini ina zargin injin, tartsatsi ko'ina, ashe wayoyin biyu ne a juye. Sannan ana jan bindigar ne, ba a tura ta, don kada kashin ƙarfe ya shiga gaban waldar ya binne a ciki. Bar waya ta fito kusan milimita 12 daga bakin bindiga. Kada ka ƙure boltej, domin tsayin wuta yana barin iska ta shiga. Kankare fenti da tsatsa, ka kuma fasa kashin ƙarfe tsaf kafin zubi na biyu. Wayar da ta kwana a danshi ta yi tsatsa, a jefar.

Mafi haɗari ita ce waldar da ta yi kyau a ido amma ba ta ci ƙarfen ba. Ƙaramin inji a kan ƙarfe mai kauri yakan zuba waya a sama kamar an shafa man goge baki, ƙasan bai narke ba. Ba za ka gane ba sai da gwaji, kuma gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Haɗa guntaye biyu su yi siffar T, ka yi walda a gefe ɗaya kawai. Bayan ya huce, ka damƙe shi, ka buga na tsayen da guduma ya kwanta kan waldar. In ƙarfen ya lanƙwashe ba tare da waldar ta saki ba, ko ta yage ta tsakiyarta cike ba rami, aiki ya yi. In ta ɓare daga jikin ƙarfen ta bar gefensa sumul kamar ba a taɓa shi ba, wuta ta yi kaɗan ko ka yi gaggawa.

Wannan waya ta fi ta MIG hayaƙi sosai, don haka a yi aikin inda iska ke ratsawa, a kawar da kai daga hayaƙin, musamman a kan ƙarfe mai rufin zinki. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya kare ido. A sa garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko sama da haka.