Doguwar tafiya a babur: kada dare ya same ka a hanya

Wanda zai fara doguwar tafiya a babur daga Zuru, ko ta Rijau zuwa Kontagora, ko ta Mahuta zuwa Koko, ya tsara ta da hasken rana. Ka tashi bayan Asuba, ka sauka kafin La'asar a garin da ka riga ka san inda za ka kwana. Fitilar Boxer ba ta nuna rami sai ka zo kansa, kuma in taya ta yi faci ko sarƙa ta tsinke da dare, bakanike da mai faci sun tashi. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi yankin Danko-Wasagu da Sakaba.

Wani zai ce da dare an fi samun sanyi, hanya kuma babu manyan motoci da yawa. Gaskiya ne, amma zafin rana yana da magani: ruwa a jarka, hular kwano, da hutu a inuwa duk bayan awa biyu domin inji ya huce. Kafin ka tashi, canja baƙin mai, riƙe fulogi da takardun babur, ka tambayi direbobin tasha halin hanyar a ranar, ka kuma bincika dokar taƙaita hawan babur a jihar da za ka shiga.